Mahaifina da Gonarsa ta Cikin Ɗaki

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya dosa. Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Laraba da hantsi, washegarin cin kasuwar Mafara, aka sallace shi bayan azahar.

Kwana uku gidanmu bai huta ba. Mata sun cika tsakar gida har bakin murhu, maza sun shimfiɗa tabarmi daga zaure har gindin dalbejiyar maƙwabta. Manoman Bakura sun zo a kan babura, lakar fadama ba ta gama bushewa a ƙafafunsu ba. Mutanen Ruwan Gizo sun zo mota guda. Har daga Tsibiri wasu suka yi kasadar hanya. Kowace mace ta shigo sai ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam, Allah shi sa can ta fi mai nan." Inna ta amsa har muryarta ta dishe.

Wata maƙwabciyarmu, da ta gama addu'a, ta share ido da bakin gyale ta ce, "Malam ke nan, bai taɓa riƙe mutum a zuciya ba." Na ɗaga kai na dube ta. Ita ce fa wadda ta leƙo ta katanga tana dariya ranar da aka fitar da shi a baro, shekarun baya. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta danne mini yatsan ƙafa da tafin hannunta.

Wadda ta faɗi gaskiya a kwanakin nan uku wata tsohuwa ce 'yar gudun hijira. Ba ta yabe shi ba. Ta zauna kawai ta dafe kai ta ce, "To mu yanzu wa za shi ba mu dashe?" Kukanta ne kaɗai na yarda da shi.

A waje kuwa, a kan tabarmar gaba inda babban gida ke zama ya karɓi gaisuwa, Baffa ne zaune, ƙanen mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Ina jiyo muryarsa ta zaure yana cewa, "Mun yi rashi, wallahi mun yi rashin bango." Mutane suna ba shi hannu suna ba shi haƙuri. Ni na san abin da na ji a ƙirjina, kuma ba haƙuri ba ne.

Na rubuta wannan don jikokin marigayin, 'ya'yana da na ƙanena, su karanta in sun yi hankali. Ba na son su tashi su tarar an mayar musu da kakansu wani tsoho salihi marar baki. Ba haka yake ba. Kuma ina son su san abin da aka yi masa da wanda ya yi.

Baba malamin gona ne, ya yi aikin har ya yi ritaya. Gajere ne, baƙi, mai babbar murya. In ya isa gonar mutum ba ya gaisawa sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya sunsuna. Ba ya cin miyar da aka sa wa tumatirin gwangwani, kuma ko cokali ɗaya Inna ta saka a ɓoye sai ya ture kwanon ya ce, "An yi mani ha'inci." In ka tambaye shi ko ruwan da ka ba shuka ya isa, amsarsa ɗaya ce: "Tambayi ganyen, ni mi na sani?" Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Baffa ba mai kiran sunana, Uwata suke ce mini.

Yana da gonar rani a wajen Tsibiri, ƙasar Maradun, wadda suka gada. Da mutanen daji suka matsa wa yankin, zuwa gona ya zama kasada, sannan ya gagara gaba ɗaya. Shekarar da ya daina zuwa, a cikinta hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Ni kuma lokacin mijina ya rasu, na dawo gida da yarana ina koyarwa a firamare. Na tarar da mutumin da a da ba ya zama wuri ɗaya yana kwance a zaure yana kallon bango tun safe har yamma. In an kawo abinci ya ce a ajiye. Inna ta ce mini, "Mahaifinku ba ciwon ne za shi kashe shi ba, zama ne."

Ƙanena, wanda ke aikin haɗa sola a Gusau, shi ya kawo dabarar. Ya nuna wa Baba a waya yadda ake renon shuka a cikin ɗaki da fitilar LED. Baba ya kalla ya yi tsaki. "A ƙasar da rana ke ƙona ƙeya za ka sayar mani da haske?" Amma washegari da safe ya kira ni ya ce in buɗe tsohon ɗakin kakarmu, in shiga, in gaya masa ko da sanyi a ciki.

Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango, da 'yar taga ɗaya da ke kallon titi. Ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Abin da Baba ya hango ke nan. Kowane manomi ya san zafin bazara ke cinye irin tumatir da tattasai tun yana ƙarami a gadon reno, abin da zafi ya bari ƙwari su ƙarasa. In aka samu inda za a reni dashe a sanyi, ba ƙwari, ba awaki, manomi zai dasa da wuri ya riga kowa kai kaya kasuwa. Ɗakin yana da sanyi. Haske kawai ya rasa.

Ƙanena ya kafa faifan sola biyu a rufi, ya ajiye batir a kusurwa, ya rataye fitilu huɗu da sarƙa. Na farkon nan masu ja da shuɗi ne, in an kunna ɗakin duka ya rine ya koma ruwan hoda mai duhu. Mai shago ya ce masa su ne na shuka na ainihi. Muka shafe bango da farar ƙasa don haske ya dawo kan ganye. Muka cika kiret ɗin ƙwai da tsofaffin robobi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Aka sa wa Baba kujera a tsakiya. Shi ne kai, ni ce hannu.

Zubin farko ya lalace. Tsiron ya fito dogaye sirara kamar zare, suka yi ta miƙa wuya har suka faɗi. Baba ya ce, "Yunwar haske ce. Sauko da ita." Na sauko da fitilun sosai, sai ganyen ya naɗe bakinsa ya fara fari. Ya ce, "Kin ƙona su. Ke ba ki san tsakiya ba?" Daga nan ya koya mini awonsa: in sa bayan hannuna daidai kan ganye in ƙirga talatin. In na ji ɗumi yana cizo, fitila ta yi kusa. Ga ƙananan tsiro wajen kamu ɗaya muke bari, kuma duk bayan kwana uku sai na ɗaga sarƙa zobe ɗaya saboda shuka ta ƙara tsawo.

Ƙanena ya kawo wani ɗan agogo mai kunnawa da kashewa da kansa. Baba ya ce a mayar. "Muna da ladan." Da kiran asuba nake kunnawa, in an sallame isha'i in kashe. Wata rana na manta na bar su a kunne har gari ya waye, ya yi mini faɗan da bai yi mini ba tun ina yarinya. "Shuka ma barci takai! Ke in an hana ki barci girma za ki yi?" Ya sa aka ɗaura 'yar fanka tana kaɗa su a hankali, wai don ƙafarsu ta yi ƙarfi. Ruwa kuma sai ya tsoma yatsan hannunsa mai lafiya a ƙasa ya ji ta bushe kafin ya yarda in zuba.

Mutumin nan ya dawo. Ya koma cin tuwo malmala biyu. Ya sa ana tallabe shi zuwa masallacin unguwa. A ɗakin akwai tumatir, akwai tattasai, akwai wani ɗan tarugu mai ƙamshi wanda kakarmu ta zo da irinsa daga gidansu, wanda Baba ya yi shekaru yana adanawa a kwalba. Ya zuba sauran irin duka don ya sabunta shi. A bakin taga kuma ya sa na shuka rama roba uku saboda Inna na son kwaɗo.

Abu ɗaya ya dame shi da fitilun nan. "Ba ni ganin gaskiyar ganye," in ji shi. A ƙarƙashin hasken nan kore yakan koma baƙi, ba ka gane wanda ya fara rawaya sai ka fito da shi waje. Yana ta cewa in an samu hali za a canza su.

Baffa yana da shagon iri da maganin feshi a bakin kasuwa. Yakan zo gidanmu duk Juma'a ya ci abinci. Ya shiga ɗakin nan ba sau ɗaya ba, ya zauna kusa da yayansa yana dariya yana cewa, "Yaya, kai da noma sai kabari." Ramar bakin tagar nan, da hannunsa ya ci kwaɗonta, har ya ce a ƙara masa ƙuli. Ku riƙe wannan.

Rigimar ta fara ne ranar da wani manomin Ruwan Gizo ya zo da gwangwanin irin tumatir ya ce ya zuba gado uku ba abin da ya fito. Baba ya sa na jiƙa tsumma, na jera ƙwaya ashirin, na ajiye a ɗaki. Bayan mako, uku suka tsira. Ya juya gwangwanin ya ga an kankare wurin da ake rubuta ranar lalacewa. A shagon Baffa aka saya.

Baba bai fara da tona shi ba. Ya aika aka kira shi, ya sa na fita, amma ina bakin ƙofa ina ji.

"Irin ga ya mutu, kuma ka san ya mutu. Mutanen ga an raba su da gonakinsu, ɗan abin da ya rage masu shi za ka sa su zuba ma gawa? Ka kwashe shi daga shago."

Baffa ya ce, "Yaya, kai kana ɗaka kana wasa da fitila. Kasuwa ba ka san ta ba."

"Na ba ka mako guda."

Mako ya wuce bai kwashe ba. Daga nan duk manomin da ya zo ya tambaya, Baba ya gaya masa gaskiya, ya nuna masa tsumman. Magana ta zagaya kasuwa. Baffa ya daina zuwa cin abincin Juma'a.

Sai muka fara jin ƙishin-ƙishin. Da magariba hasken nan mai ruwan hoda yakan fito ta taga ya zuba a titi, mutane suna wucewa suna nunawa. Aka ce an ji Baffa a ƙofar masallaci yana cewa shi dai ya wanke hannunsa, abin da yayansa ke shukawa a ɗaka ba na miya ba ne, mai noman halal ba ya ɓoye gonarsa. Da Inna ta gaya wa Baba, dariya ya yi. Bai ɗauka za a samu mai yarda ba.

Ranar wata Talata bayan la'asar, titi cike da masu dawowa daga kasuwa, 'yan sintirin unguwa suka shigo mana gida su bakwai da gorori, ba sallama. Inna na tankaɗe. Suka wuce kai tsaye ɗakin kakarmu kamar an zana musu hanya. Babbansu ya tuge ramar ya ɗaga sama ya ce, "Ga ta nan! Wiwi!" Ganyen rama yana da yatsu, wanda bai sani ba zai iya ruɗewa. Amma waɗannan mutane da rama aka yaye su.

Na ce, "Rama ce! Ku ɗanɗana mana!" Wani ya ture ni na bugu da bango. Suka bi fitilun da gora ɗaya bayan ɗaya. Suka kifar da robobin, suka tattake. Tarugun kakarmu yana da ganye huɗu-huɗu a lokacin. Ko ɗaya bai tsira ba, kuma babu sauran iri a kwalba. Ya ƙare daga duniya a ƙarƙashin takalmansu.

Baba ba ya iya tafiya, don haka suka ɗauko baron da muke ɗebo taki da shi suka sa shi a ciki. Suka ɗora masa ramar a cinya. Hularsa ta faɗi a zaure ba wanda ya ɗauka. Haka suka tura shi a titi, ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa, mutane suna biye ana ihu, "Malam mai wiwi!" Mutumin da ya koya wa iyayensu yadda ake sa taki. Na bi su ba takalmi. Da muka zo kwanar mai shayi na hango Baffa tsaye bayan wata motar itace, ya naɗe hannu a ƙirji. Idonmu ya haɗu. Ya juya ya shige lungu.

A ofishin 'yan sanda inda suka kai shi, wani jami'i mai furfura ya ɗauki ganyen ya murza, ya sa a baki, ya tofar. Ya ce, "Wane mahaukaci ya kawo mani rama?" Kafin magariba an sallame mu. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Taron da ya raka shi da ihu ya watse, ni da wani mai babur muka dawo da shi. Daga baya babban 'yan sintirin ya faɗa wa liman da bakinsa cewa Baffa ne ya je ya same su, har ya kwatanta musu ɗakin.

Kwana tara Baba bai yi magana ba. Masallaci kuwa bai sake zuwa ba har ya bar duniya, ya ce ba zai bi titin nan ba. Ran na goma ya ce in kira masa ƙanena a waya.

"Farare nika so," ya ce masa, "masu haske irin na hantsi, in ga ganye yadda Allah ya yi shi. Kada ka duba abin da anka rubuta a kwali, ƙarya ce. Ka sa mai shago ya jona ta a ma'auni ka ga wutar da taka ci da idonka. Ka taɓa bayanta, in ba ƙarfe ba ne mai shan zafi ka aje masa abinsa. Dogaye za ka sawo, ba masu tara haske wuri guda ba. Goma nika so."

Ƙanena ya ce, "Baba, goma? Batirin ba zai ɗauka ba."

"To ka ƙaro batir. Ka sayar da shanuna biyu da ke Bakura."

Aka kafa katakai hawa uku a bango, kowane hawa da fitilunsa. Aka faɗaɗa tagar nan, Baba ya hana a sa mata labule, ya ce duk mai son kallo ya kalla. Ya aika Bakura da Jangebe wurin tsofaffin abokan aikinsa aka tattaro masa iri mai rai. Muka koma aiki fiye da da. In dashe ya kai mako huɗu sai mu fara fitar da shi inuwar zaure, yau sa'a ɗaya gobe biyu, har ya saba da rana. Sannan Baba ya sa aka faɗa a kasuwa: duk mai son dashen tumatir ko tattasai ya zo gidan Malam, kyauta. Duk wanda kuma ya sayi iri a ko'ina ya kawo a gwada masa a tsumma kafin ya zuba.

Liman ya zo ya ce, "Malam, Allah shi karɓi wagga sadaka."

Baba ya ce, "Liman, kada in yaudare ka. Ba sadaka nikai ba. So nikai in ga shagon yaron ga a rufe."

Duk da haka na ga abin da dashen nan ya yi wa mutane. Tsohuwar da na ce ta yi kuka a wurin gaisuwa, an kashe mata 'ya'ya biyu, tana zaune da jikoki a wani kango. Baba ya ba ta kiret uku, ya koya mata dasawa a buhunan siminti tunda ba ta da gona, kuma duk mako sai ya tambaye ni ko na leƙa buhunan tsohuwa. Ranar da ta kawo masa tumatir biyar a ƙoƙo, ya juya fuska bango don kada mu ga idonsa.

Har wanda ya tura baron ya zo. Magidanci ne da 'ya'ya, ya tsuguna a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai. Na ce wa Baba a kore shi. Ya ce a'a, ya shigo. Ya sa na miƙa masa ganye.

"Wanga mi ne?"

"Tumatir ne, Malam."

"Wanga fa?"

"Tattasai."

"To wanga?"

Mutumin ya juya ganyen a hannu. "Rama ce, Malam."

"Ka tabbata? Duba da kyau. Kira abokanka su taya ka."

Sai da ya sa shi ya cinye ganyen ɗanye a gabansa, sannan ya ce in ba shi kiret biyu.

Kafin shekara ta zagayo biyu, Baffa ya rufe shago. Ranar da labari ya zo, Baba ya ce Inna ta yanka zakara. Na ci, kuma ya yi mini daɗi.

Liman ya yi ƙoƙarin sulhu sau ɗaya. Ya zo da Baffa har zaure. Baffa ya ce, "Yaya, a yi haƙuri, rashin fahimta ne anka samu."

Baba ya ce, "Rashin fahimta? Ka ci kwaɗonta. A ƙofar masallaci ka ɓata ni, can za ka koma ka tsaya bayan salla ka ce ƙarya ka yi. Ran da ka yi haka ka dawo mu gaisa."

Baffa ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Bai yi ba.

Ciwon ƙarshe bai daɗe ba, kwana shida ne. Ranar Larabar da safe ya ce a kai shi ɗakin shuka. Ni da Inna muka tallabe shi zuwa kujerarsa, Inna ta fita dama masa kunu. Ya daɗe yana kallon hawa na tsakiya, sannan ya ce tattasan can fitila ta yi masa kusa, in ɗaga. Na ɗaga. Ya ce in matso.

"Uwata, in na tahi, ki ce ma ƙanena, Baffanki, na yahe mashi. Cikinmu guda. Ba ni son in iske uwarmu da wanga abu a hannuna."

Na ce, "To, Baba."

Ya dube ni da idon nan nasa da ke gane mataccen iri. "Ki ce to ta gaskiya."

Na juya na shiga gyara sarƙar fitila. Inna ta shigo da kunu, ya sha cokali biyu. Kafin rana ta take ya cika. Ba wanda ya ji maganar nan sai ni.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya ina ɗakin ina ban ruwa, na ji an yi sallama a bakin ƙofa. Baffa ne. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, yana tari. Bai shigo ba, ya dafa ƙyaure ya tsaya yana kallon fitilun. Na gaishe shi yadda ake gaida baffa, na tambayi iyali, ya amsa.

Ya ce, "Uwata, an ce ke ce a kansa da safen nan."

"Ni ce."

"Ya ce wani abu a kaina?"

"Ya ce."

"Mi ya ce?"

Na ajiye butar. Na ce, "Baffa, ka san ƙofar masallaci. Ran da ka tsaya can ka faɗa wa mutane ramar da ka ci da hannunka ce ka kira wiwi, ka zo nan ka same ni, zan gaya maka abin da ya ce, ba ragi ba ƙari."

"Alheri ne ko akasinsa? Wannan kaɗai ki gaya mani."

"Ran nan za ka ji."

"Ki ji tsoron Allah, Uwata. Amanar mamaci ce."

Na ce, "Ina jin tsoronsa. Shi ma wanda aka tura a baro amana ne a wuyanka."

Ya yi tari. Sannan ya saki ƙyauren ya tafi yana dafa bango.

Wata bakwai ke nan. Na san abin da nake yi. Na yi karatun islamiyya, na san hukuncin wanda aka ba saƙo ya danne. Na san mahaifina ya sauke nasa nauyin ya tafi da sauƙi, ni ce na sunkuya na ɗauka. Wani lokaci ina cikin salla sai in ji muryarsa yana cewa in ce to ta gaskiya. Amma sai in tuna ƙafar nan tana jan ƙasa a titi, in ji zuciyata ta koma dutse. Shi yana da ikon yafe nasa. Abin da idona ya gani nawa ne.

Kullum in an sallame magariba nakan tsaya a zaure in kasa kunne wajen lasifikar masallaci, ko zan ji an ce jama'a su ɗan dakata, wani dattijo yana da magana. Har yau ban ji ba. An ce tarin Baffa ya ƙaru, 'ya'yansa sun kai shi asibiti sau biyu. In ya mutu kafin ya faɗa, saƙon ya maƙale a wuyana har ranar da zan tsaya gaban Ubangiji, ga Baba ga shi.

Ya Allah, ka yalwata wa mahaifina makwancinsa, ka sanyaya masa shi, ka karɓi dashen da ya raba a matsayin sadaka ko da shi ya ce ba ita ba ce. Baffa kuwa, ban taɓa roƙa wa wani tsawon rai kamar yadda nake roƙa masa ba. Allah ka bar shi da numfashi da ƙafafun da za su kai shi ƙofar masallacin nan, har ya buɗe baki.